Babin da Na Cire Daga Littafin Hamma Umaru

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne wana Umaru a nan Doha. Hamma muke ce masa, yadda ake kiran wa a wajenmu. Duk shekara in watan ya zagayo, abokansa masu manyan takardu sukan cika wannan shafi na jarida da yabo: an yi rashin masanin tarihi, an yi rashin mai kishin garinsu. Bana na roƙi a ba ni filin. Sunana Sa'idu, ƙaninsa ne ni uwa ɗaya uba ɗaya, direban motar ma'aikata a wani kamfani, kuma ni na tallafi kansa da aka zo sa shi a kabari. Ban zo yabonsa ba. Haushinsa nake ji, shekara bakwai kuma ba su rage mini komai ba.

Bari in faɗi abin da ya haɗa mu tun yanzu, kada mai karatu ya yi ta lalube. Hamma ya mutu ya bar mini littafi rubutun hannu, tarihin gundumar da Jamusawa suka yanka a yankinmu da garuruwan da ke cikinta. A ciki akwai babi guda a kan garinmu, Galamba. In babin nan ya fita, sarautar gidanmu ta zama abin dariya a kasuwa, wanda ya fitar da shi kuma ya gama zama a gidan. Matata Hadiza da 'ya'yana a cikin gidan suke, a sashen da mahaifinmu ya bari, ba ni da wani ɗaki a duniya in ba shi ba. Saboda haka na cire babin kafin in miƙa littafin a buga, na ɓoye shi a ƙasan akwatina. Wannan ne gādon da ɗan'uwana ya bar mini.

Safiyo ne shi. Ya fi shekara ashirin yana auna hanyoyi a ƙasar nan, tun unguwar Al Rayyan tana da fegi fiye da gini. Shi ya nemo mini biza, ba zan ɓoye ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Amma mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ka ce masa daga unguwar Old Airport zuwa ta Al Asmakh minti goma ne, sai ya ce sha uku, in babu cunkoso. Matarsa ta ce gishiri kaɗan ta sa a miya, sai ya tambaye ta nawa ne kaɗan. Mutane suna ce masa mai gaskiya. Mu da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi mun san rabin abin gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa daɗin da yake ji ne in ya kama wani da kuskure.

Ciwon tarihin ya kama shi ne ranar da wani Bajamushe abokin aikinsa ya ba shi kwafin wata tsohuwar taswira. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya bi duwatsun da yatsa, ya ga Galamba. Shi ke nan, mun rasa shi. Mutum ya haura hamsin ya zauna koyon Jamusanci a lokacin hutun cin abinci, har da irin tsohon rubutun hannunsu mai kama da tafiyar kiyashi. In hutun shekara ya zo, mutane na ɗaure kaya za su gida, shi yana neman bizar zuwa ɗakunan ajiye tsofaffin takardu a Jamus da Kamaru. In ma ya je gida, kwana uku ne, sai ya rataya rakoda ya shiga ƙauyuka neman tsofaffi. Shekarar da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, ya zo da hutun wata guda, ya yi kwana biyar a gefenta. Ranar da ta cika yana hayin iyaka, yana tambayar wani tsoho inda aka fara kafa wata kasuwa da ta mutu tun ba a haifi ubanmu ba. Har rami muka haƙa muna duban hanya. Masu rubuta yabonsa ba su taɓa ambaton wannan ba, domin ba su ne suka ji ta tana tambaya ko Umaru ya dawo ba.

Duk da haka ba zan zalunci aikin ba, aiki ne mai kyau. Da yawa daga masu karanta wannan shafi ba su san cewa ba Turawan Ingila ne suka fara mulkin yankinmu ba. Jamusawa ne, ta ɓangaren Kamaru suka hawo, babban barikinsu yana Garwa. Suka yayyanka ƙasa gunduma-gunduma. Jami'insu yakan fita rangadi da sojoji da tafinta, duk garin da ya sauka ya rubuta sunan garin, da sunan mai garin, da yawan mazan da za su iya ɗaukar kaya. Sai ya miƙa wa mai garin hula da takarda, ya ƙara gaba. Abin da tsofaffinmu suka riƙe na zamanin bai wuce uku ba: bulala, dako da aikin hanya.

Da Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyar gundumar. Wasu garuruwan suka faɗa can, wasu nan. Akwai garin da ya wayi gari gonakinsa na wata ƙasa, akwai wanda kasuwarsa ta mutu saboda masu cinta sun zama 'yan ƙasar waje. Daga baya aka yi ƙuri'a, ɓangarenmu ya shigo Najeriya, aka yi zamanin En'e, aka zo na ƙananan hukumomi. Gundumar Jamus ta ɓace, yau ko allo guda ba za ka gani da sunanta ba. Hamma ya bi garuruwanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da babinsa: wa ya sare dajin, ina aka fara zama, me ya tashe su, wane ne yau yake biyan haraji da Faransanci. Babban abin da ya gano shi ne, gundumar ta mutu amma jerin sunayen masu garin bai mutu ba. Baturen Ingila ya kwafa daga takardar Bajamushe, En'e ta kwafa daga ta Bature, gwamnatin jiha ta kwafa daga ta En'e. Duk wanda Bajamushe ya rubuta a ranar da ya sauka, jikokinsa ne ke bisa buzu har yau, ko da kuskure aka rubuta shi.

To, mu a gidanmu ga abin da aka shayar da mu. Wai kakan mahaifinmu ɗan sarki ne daga Borno, ya zo bisa doki da tuta, ya ci mutanen kan dutse da yaƙi, ya kafa Galamba a gindin dutsen. Maroƙa na faɗa duk sallah. A ɗakin Jauro, wato mai garinmu, akwai wata tsohuwar jakar fata a naɗe cikin farin ƙyalle, aka ce layun yaƙinsa ne, ba a buɗewa. Akwai kuma wata al'ada: duk kaka, gidanmu kan aika da baƙin bunsuru da mudun gishiri zuwa gidan Zira, babban gidan mutanen kan dutse. Har na yi aure ina cikin masu jan bunsurun nan. Aka ce mana sadaka ce, ana taimakon talakawa. Abin da kawai ya ɗan dame ni a lokacin shi ne, mu masu kai sadakar mu ke tuɓe takalma a ƙofar gidan, su kuma masu karɓa ba sa godiya.

Hamma ya zo da wani labarin daban, kuma da shaidu uku, domin shi ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Na farko rahoton jami'in Jamus da ya fara sauka garin, inda ya rubuta cewa mai garin ya tarye shi a bakin rafi, mutum ne mai jin Hausa, abin da ya ba shi dariya kuma shi ne sarkin yana rataye da jakar aski. Na biyu kaset ɗin wata tsohuwa ta gidan Zira. Ta ce a al'adarsu sarkinsu ba ya saukowa daga dutse, baƙo kuma ba ya ganin fuskarsa. In masu makamai suka zo, sai a nemi wanda in an kashe shi gari bai yi asara ba, a sa masa babbar riga, a tura shi ya ce shi ne sarki. A wannan karon wanda aka samu wani wanzami ne da ya biyo fatake ya maƙale a gindin dutsen, yana aski yana ƙaho. Shi aka tura. Bajamushe ya rubuta sunansa, ya ɗora masa hula. Da ya koma sama da hular, dattawa suka ce ya riƙe aro, in Turawan sun tafi ya mayar, kafin nan kuma duk kaka ya kawo baƙin bunsuru da gishiri don kada zuriyarsa ta manta cewa aro ne. Turawan nan suka tafi, waɗansu suka zo, hula ba ta koma ba.

Shaida ta uku ita ce ta fi ba ni takaici. A wani hutu Hamma ya faki idon Jauro ya kwance farin ƙyallen. Zabira ce. Asake huɗu da tsatsa ta cinye, da ƙaho biyu, da ɗan dutsen wasa aska. Ya ɗauki hoto, ya mayar ya naɗe.

A gidansa na Old Airport ya karanta mini babin, wata Juma'a bayan mun ci abinci. Yana karatu yana ɗago ido, irin na ɗalibin da ke jiran a tafa masa.

Na ce, "Hamma, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya aike ni. Abin da ya faru ke nan."

Na ce, "To wanzamin nan, in dako bai cika ba wa ake ɗaurewa a zane? Shi ko sarkin da ya ɓuya a sama? Su suka tura shi ya mutu a madadinsu. Bai mutu ba, sai yanzu a ce aro ne?"

Ya ce, "Na rubuta wannan ma, yana shafi na huɗu. Kuma wanzanci ba abin kunya ba ne, Sa'idu."

Na ce, "Naka 'ya'yan suna karatu a Turai, ba mai komawa Galamba. Nawa suna cikin gidan. In ba abin kunya ba ne, bismillah, ga waya, kira Jauro ka gaya masa."

Bai kira ba. Wannan nake so masu yabonsa su ji da kyau. Shekara huɗu ya rayu bayan wannan ranar, ya je gida sau biyu, ya durƙusa gaban Jauro Bello, ɗan wan mahaifinmu, ya ce ranka ya daɗe, ya ci naman da aka yanka masa, bai ce uffan ba. Mutumin da ke gyara wa direban tasi lissafin minti uku ya kasa buɗe baki a zauren gidan ubansa. Kullum littafin bai kammala ba, saura gari ɗaya, saura wata takarda. Ni na san ya kammala. Tsoro yake ji, irin wanda nake ji, bambancin kawai shi ya samu wanda zai sauke wa kayan.

A asibiti ya sauke mini. Zuciya ce ta kwantar da shi. Na je dubiya da la'asar, ya sa matarsa ta miƙo mini wata baƙar jaka, littattafan rubutu tara, da kaset-kaset, da kwafin takardun Jamus. Ya riƙe mini hannu ya ce, "A buga shi. Kada a cire komai." Me mutum zai ce wa wansa da robar iska a hanci? Na ce to. Bayan kwana biyu ya rasu. Ya ɗaure ni da alkawari a lokacin da ba na iya musu, ya tafi inda ba a kai masa ƙorafi. Ni wannan ban ɗauke shi amana ba, tarko na ɗauke shi.

Da aka zo haɗa kayansa za a sa a jirgin kaya, na zauna da littafi na shida da sabuwar reza. Shafi goma sha ɗaya na yanke, a miƙe, ko gezau hannuna bai yi ba, ashe aikin gidanmu ne. Na haɗa da rahoton Bajamushen da kaset ɗin tsohuwar da hoton zabirar, na zuba a ambulan. Sauran na miƙa wa Dakta Aliyu, likita ne a nan, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan yankinmu mazauna Qatar, shi ya ɗauki nauyin bugawa. Da ya duba ya ga kowane gari da babinsa ban da garin marubucin, bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Ya aika gida aka ɗauko masa bakin maroƙa, ya zauna ya rubuta babin Galamba da kansa, da doki da tuta da komai, ya cusa a tsakiya da sunan Hamma. Aka yi bikin ƙaddamarwa a gida, aka yanka bijimi. A kakar wannan shekarar Jauro ya ce tunda ga tarihi a rubuce, sadakar nan ta isa haka. Bunsuru bai ƙara hawa dutse ba.

Akwai mutum ɗaya a Doha da ya san an yanke babin. Yusufu Zira, mai gadi ne a wani tsohon bene a Al Asmakh, jikan tsohuwar da ke cikin kaset ɗin. Shi ya raka Hamma wurinta, shi ya yi musu tafinta. Yana cikin waɗanda suka yi wa gawar wanka. Duk shekara in ranar ta zagayo yakan zo ɗakina, ya yi addu'a, ya sha shayi, in zai sa takalmi ya ce, "Malam Sa'idu, muryar kakata fa? Ba a gan ta a cikin kayan ba?" In ce ina dubawa. Ya ce, "Ba komai, Allah ya sa a gani." Bai taɓa ɗaga murya ba. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa, in ce ai ba shi da kunya. Na tsani haƙurin mutumin nan fiye da yadda na tsani zafin watan Yuli.

Yanzu ga inda aka kwana. Gwamnati za ta ɗaga Galamba ta zama gunduma mai hakimi, an kafa kwamiti yana karɓar hujjoji. Jauro Bello ya miƙa littafin Hamma, aikin masani wanda ya je har Jamus, wa zai ja da shi? In abin ya tabbata, gonakin gindin dutse da tsohuwar maƙabartar gidan Zira duk sun shiga hannunsa, 'ya'yansa ma har sun fara zagayawa da masu neman fuloti. Ni kuma na cika sittin, kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini a kan biza, ya ce khalas, an gama, ba za a sabunta mini kwantiragi ba, saura wata biyu in tattara. Jauro ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in na dawo akwai rawani yana jirana, an kuma sa a yi wa sashena fenti.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya ga yau. Da ya ga zaurukan waya na 'yan yankinmu, inda kowane ƙauye mai gida talatin ya samo wa kansa ɗan sarkin da ya kafa shi, wannan daga Borno, wancan daga Yaman, ba wanda kakansa ya taɓa zama manomi ko maƙeri. Da ya ga samari suna zagin juna a kan iyakar da wani Bajamushe ya ja yana bisa doki, ƙila ma zazzaɓi na cinsa. Da ya ga littafinsa, wanda ya rubuta don ya nuna yadda kuskure ɗaya ke haihuwa har jikoki, shi ma ya zama sabuwar takardar da ake kwafa. Na san abin da zai yi. Zai ɗauko jan biro ya ja layi a ƙarƙashin kowace ƙarya, ya rubuta gyara a gefe da ƙananan baƙaƙe, ya yi tsaki. Sannan ya rufe littafin ya sa a jaka, ya nemi wani ya ba shi ajiya.

Juma'ar da ta wuce waccan, ƙungiyarmu ta yi taron tunawa da shi a gidan Dakta Aliyu a Al Rayyan. Manya a kan kujeru, mu direbobi da masu gadi a kan darduma kusa da ƙofa, haka tsarin yake kullum ba tare da wani ya faɗa ba. Yusufu na gefena cikin kayan aiki, daga nan zai wuce duti. Dakta ya tashi ya ce zai karanta mana wani abu daga alƙalamin marigayi. A cikin babi sama da ashirin da Hamma ya rubuta da hannunsa, bai ga wanda zai karanta ba sai nasa. Ya gyara tabarau ya karanta yadda mutanen dutse suka miƙa wuya, da yadda tun daga ranar suke cin arzikin gidan sarauta, har ana aika musu da dabba da gishiri duk shekara saboda tausayi. Aka yi kabbara. Yana zama aka fara raba shinkafa, farantin farko da ya iso bakin ƙofa a gaban Yusufu aka dire shi.

Ya dubi farantin, ya tura mini shi a hankali. Ya tashi ya sa takalmansa. Na jira tambayar, har na shirya amsata ta kullum. Bai yi ba. Ya ce, "Sai an jima, Malam Sa'idu," ya fita. Shekara shida yana tambaya ina jin haushi, ranar da ya daina tambaya ni ma na ture farantin.

Ran Litinin da azahar, bayan na sauke ma'aikata, na ajiye mota a Al Asmakh na same shi a ɗan kejinsa na gadi, fanka na kaɗa masa iska mai zafi. Na ɗora ambulan a kan teburinsa. Ya buɗe, ya ga kaset ɗin da sunan kakarsa a jiki da rubutun Hamma, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "A ina aka gani?"

Na ce, "Ba ɓata ya yi ba. Ni na cire."

Ya ce, "Na sani. Ka san abin da zai biyo baya?"

Na ce, "Na sani. Ɗauke kafin in sake shawara."

Ya mayar da komai cikin ambulan, ya sa a cikin rigarsa. Na tsaya, ban san me nake jira ba, ƙila godiya. Ya ce, "Babana ya rasu bara, Malam Sa'idu. Har ya mutu yara na ce masa tsohon da ke ƙaryar sarauta." Sai wata mota ta yi ham a ƙofa, ya tashi ya je ya buɗe mata.

Ban bari Jauro ya ji a bakin wani ba, ni na kira shi. Na ce ranka ya daɗe, na gaya masa komai, har da zabirar. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Umaru ya mutu da mutuncinsa. Kai ne ɗan wanzamin." Ya kashe. Washegari Hadiza ta kira tana kuka, an toshe ƙofar da ta haɗa sashenmu da cikin gida, an ce su kwashe kafin ƙarshen wata. Ta ce, "Baban Amina, ina za mu kai kayan?" Na ce zan kira ta. Yau kwana tara, kullum muna magana, amma wannan tambayar ban amsa ba. In Yusufu ya miƙa wa kwamiti takardun, abin da za su yi da su ban sani ba, ƙila ma su jefa a kwandon shara. Gidan Zira ba su aiko mini da gaisuwa ba, ban kuma ga laifinsu ba.

To me ya rage na Hamma Umaru bayan shekara bakwai? Akwai littafi mai ɗauke da sunansa, wanda babin da aka fi karantawa a ciki ba shi ya rubuta ba. Akwai tarihin garuruwan wata gunduma da ba ta a taswirar kowa, wanda in ba don taurin kansa ba da ya bi tsofaffi kabari, wannan na ba shi. Akwai shafi goma sha ɗaya na gaskiya tsantsa, da ya iya rubutawa bai iya faɗa ba. Jauro ya yi daidai a abu ɗaya: Hamma ya tafi da mutuncinsa cif, gida na yabonsa, gidan Zira na yabonsa, jarida na yabonsa. Ni da na ɓoye na zama maci amana a wajen waɗancan, da na fitar na zama maci amana a wajen waɗannan.

Jiya na je maƙabarta, ƙila zuwan ƙarshe, domin in bizata ta mutu ba mai barina in shigo ƙasar nan don in gai da kabari. Na yi masa sallama, na roƙa masa gafarar Allah, da zuciya ɗaya na roƙa, ɗan'uwana ne. Tawa yafiyar kuwa ban kai gare ta ba tukuna, ba zan yi ƙarya a gaban kabari ba. Na ce masa, Hamma, babin ya fita, ba a cire komai ba, ka huta. Kai ka samu wurin kwanciya. Ni nan da wata biyu zan sauka daga jirgi da jaka biyu, ban san sunan unguwar da zan faɗa wa mai tasi ba.